Me ya haɗa dutsen hanya da mai gyaran takalmi a Turanci?

Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a tsakar gida bayan la'asar, ƙanwata da ke shirin rubuta WAEC ta zo min da wata tsohuwar takardar jarabawar Turanci, a ciki akwai labarin wani tsoho da ke tafiya a kan "a narrow cobbled street". Ta ce, "Yaya, wannan kam na gane, layin masu gyaran takalmi ne ko? Tunda an ce mana cobbler shi ne mai gyaran takalmi." Na ce mata a'a ba haka ba ne, amma wallahi hankalinta ya yi aiki daidai, don duk wanda ya tashi a garin da ake da unguwar Dukawa da unguwar Maƙera, idan ya ga sunan sana'a manne da sunan layi to abin da zai fara zuwa ransa kenan. Matsalar ba daga ita ba ce, daga yadda ake koya mana kalmomin ne, a ce maka wannan kalma ma'anarta kaza shi kenan ka haddace, ba wanda zai nuna maka abin da kalmar ke nufi da ido, alhali irin waɗannan kalmomi na duwatsu da na gyara ba a gane su sai an kalli abin, an san girmansa, an san hannun da ya yi aikin.

To cobble dai kalmomi biyu ne da suka zo da rubutu ɗaya da furuci ɗaya, ƙamus ma daban-daban yake jera su. Mu ma muna da irinsu, gari na zama da gari na tuwo, wuya ta jiki da wuya ta wahala, sai dai mu karin sauti da jan wasali kan raba mana su a baki, su kuwa nasu ba abin da ke raba su sai jimlar da suka fito a ciki. Ɗaya dutse ne, ɗaya gyara ne.

Mu fara da dutsen. Cobble ko cobblestone shi ne dutse mulmulalle wanda ruwa ya goge wa kaifi, irin wanda ake tsinta a gadon kogi ko bakin teku. Ya fi tsakuwa girma, bai kai ƙaton dutsen da mutum ɗaya ba zai iya ɗagawa ba. Masu ilimin duwatsu ma har awo suka yi masa, a ma'aunin Wentworth na shekarar 1922 duk dutsen da faɗinsa ya kama daga milimita 64 zuwa 256 shi ne cobble, wanda bai kai haka ba pebble ne wato tsakuwarmu, wanda ya wuce kuma boulder. Ka ɗauka daga girman dunƙulen hannu zuwa girman ƙwallon ƙafa. Su mutanen Turai a da ƙasarsu ga ruwan sama kusan duk shekara, hanya ta zama caɓi, keken doki ya maƙale, sai su kwaso waɗannan duwatsu su jera su a cikin yashi ɗaya kusa da ɗaya su danne, hanyar da aka yi wa haka ita ce cobbled street. Ba ta da daɗin tafiya ko kaɗan, ƙafa na gurɗewa, keken doki na ƙara kamar zai tarwatse, amma ba ta yin laka kuma tana daɗewa sosai. Don haka idan marubuci ya ce cobbled street, abin da yake so ka gani shi ne tsohuwar unguwa, matsattsen lungu, ƙarar kofato a kan dutse, shi ya sa a takardar ƙanwata aka haɗa shi da tsoho da kuma narrow.

Akwai wani abu da su kansu Turawan ke cakuɗawa. Yawancin titunan da ake ɗauka a hoto a tsofaffin biranen Turai a ce ga cobblestone, idan ka duba da kyau duwatsun ba mulmulallu ba ne, sassaƙaƙƙu ne masu kusurwa huɗu kamar ƙananan bulo, galibi na dutsen granite. Sunan wannan na gaskiya sett, da t biyu, a Amurka kuma sukan ce Belgian block. Maginin dutse ba zai taɓa haɗa su ba, don ɗaya tsinto shi aka yi ɗaya kuma sai da aka biya mai sassaƙa, amma a bakin mutanen gari duk cobbles ne. Faransawa su suna ce masa pavé, kuma masu kallon tseren keke sun san gasar Paris-Roubaix da aka fara tun 1896, wadda duk shahararta daga waɗannan guntayen hanyoyi na pavé take, inda keke ke karkarwa taya na fashewa. 'Yan'uwanmu na Nijar wannan kalma ba baƙuwa ba ce a wajensu, a Damagaram ko Maraɗi idan an ce hanyar pave kowa ya san hanyar da aka shimfiɗa wa ƙananan bulo ake nufi, ba ta kwalta ba.

Wannan ya kawo mu kan pave, kuma a nan ne abin ya fi burge ni, don ranar da na fara ganin asalin kalmar sai da na ajiye littafin na yi shiru. Pave da pavement sun bi ta Faransanci ne daga Latin, pavimentum, wato ƙasan ɗaki da aka bubbuga ya daddanne, daga aikatau pavire, bugawa ko dannewa. Jama'a wannan ai daɓe ne. Duk wanda ya taso a ƙauye ko ya riski kakarsa ya san ranar daɓe, a zuba tsakuwa da ƙasa a ɗakin amarya, a yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, mata su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta suna bugawa tare suna waƙa, har ƙasan ya yi santsi ya yi ƙarfi kamar siminti. Na ga an yi a gidanmu ina ƙarami, har yanzu ina jin ƙarar nan ta tim tim tim da warin makuba. To abin da kalmar pave ta fara nufi kenan kafin ta koma kan duwatsu da siminti, kuma da a ce haka aka koya mana ita a makaranta, a ce pave daɓe ne na hanya, da ba wanda zai manta. Karin maganarsu ta pave the way ma daga nan take, mu abin da muke cewa shi ne share fage, su suna shimfiɗa dutse mu muna sharewa, manufa ɗaya.

Sai dai a kula da pavement, don tana da tarko. A Ingila pavement ita ce gefen titi inda masu ƙafa ke bi, a Amurka kuwa wannan wurin sidewalk suke ce masa, pavement a wajensu ita ce fuskar titin kanta inda mota ke takawa. Injiniyoyin hanya ma ko'ina suke, har namu na nan, idan suka ce pavement shimfiɗar titin suke nufi. Kenan jimla ɗaya, a ce yara su tsaya a kan pavement, a Landan nasiha ce ta kiyaye rai, a New York kuwa ka tura su gaban mota. Mu da jarabawarmu ta fi bin Turancin Ingila amma finafinai da intanet suka cika mana kunne da na Amurka, dole mu riƙe duka biyun.

Paving stone kuma suna ne na gaba ɗaya, duk wani dutse ko kankare mai faɗi da aka yi don shimfiɗawa a taka. Idan babba ne mai kusurwa huɗu na kankare, irin wanda ake rufe kwalbati ko gwata da shi, slab ne, kuma wannan ma'aikatanmu sun riga sun ɗauke ta, silab suke cewa. Idan kuma falalen dutse ne na asali da aka ɓamɓaro shi falle-falle, shi ne flagstone. Nan ma na sha jin ana cewa dutsen tuta, ko dutsen da ake kafa tuta a kai, to babu ruwansa da tuta, flag ɗin nan wata tsohuwar kalma ce da ta shigo musu daga harshen mutanen arewacin Turai na da, flaga, wato fallen dutse. Har akwai crazy paving, wato a jera gutsattsarin duwatsu marasa tsari kowane da siffarsa a cike tsakaninsu da siminti, daidai abin da muke yi da fasasshen tayil a tsakar gida.

Intalok ɗinmu fa? Mu ne muka gajarta, cikakken sunan interlocking pavers ko paving blocks, a Ingila aikin gaba ɗaya block paving ake ce masa, kuma idan ka shiga shago a can ka ce a ba ka interlock za su tsaya suna kallonka ne. Interlock ma'anarta sarƙewa, kowane ɗaya ya riƙe na kusa da shi. Watannin baya na tsaya na kalli masu sa shi a wani masallaci a layinmu, sun baje yashi sun ja shi da katako ya yi daidai, sun ɗaura igiya, wani yaro na miƙo bulon shi kuma ogan na tsugune yana ajiyewa yana ɗan bubbuga kowane da gudumar roba, da suka gama suka watsa yashi mai laushi a sama suka share shi da tsintsiya ya shige tsakankanin. Babu siminti ko cokali ɗaya a tsakiya sai a gefe, inda suka kafa dogayen kankaren da ke tare bulon kar ya baje, shi ne kerb a rubutun Ingila, curb a na Amurka. Da na tambayi ogan me ya sa ba ya sa siminti sai ya ce, "Alhaji ai yashin nan shi ne simintin, in ka kafe shi da siminti ranar da ƙasa ta motsa fashewa zai yi." Dabarar masu cobble ta ɗaruruwan shekaru ce dai ba ta canza ba, dutsen ne kawai ya koma na inji.

Kwalta ba sai na daɗe a kanta ba, daga coal tar muka samo ta. Su kuma tarmac suke cewa, gajarcewar tarmacadam, wato tar haɗe da sunan John Loudon McAdam, mutumin Scotland da ya rayu daga 1756 zuwa 1836, wanda ya fito da tsarin yin hanya da fasassun ƙananan duwatsu a daddanne, tsakiyar hanyar ta ɗan fi tudu don ruwa ya gangara. Shi bai sa kwalta ba, Edgar Hooley ne ya yi rajistar haɗin da kwalta a 1902.

Yanzu mu koma ga ɗaya cobble ɗin, na gyara. To cobble shi ne gyaran takalmi, cobbler kuma mai yin sa. Mu a nan shumeka muke cewa, daga shoemaker, ko shushaina idan yana yawo da akwatinsa yana ƙwanƙwasawa, kuma a Turancin Najeriya in ka ce za ka kai takalmi wajen shoemaker kowa ya gane, ba laifi ba ne. Amma a asalin tsarin Ingila sana'o'i biyu ne daban, mai ɗinka sabon takalmi daga sabuwar fata shi ne shoemaker, tsohon sunansa cordwainer, daga sunan birnin Cordoba na Andalus, Ƙurɗuba kenan da muke ji a littattafan malamai, saboda fatar garin ta yi suna. Cobbler kuwa tsohon takalmi yake karɓa ya raya shi. Kusan bambancin baduku da shumeka ne a wajenmu. A yau sun sassauta, har ƙungiyar ƙwallon Northampton Town ake yi wa laƙabi da The Cobblers saboda garin ya shahara da masana'antar takalma. Idan kuma ka ga peach cobbler a jerin abincin Amurkawa, wani abin zaƙi ne na 'ya'yan itace da ake gasawa da ƙullun fulawa a sama, ba takalmi ba dutse. Ɗan Ingila kuma in ya ji magana ya ce "cobblers", shirme yake nufi, kuma kalmar ba ta gaban manya ba ce.

Wadda aka fi cin karo da ita a jarida ita ce cobble together, wato a harhaɗa abu cikin gaggawa da abin da ya samu, kamar a ce jam'iyyu sun cobble together gwamnatin haɗaka, ma'ana an yi ta ne ɗinkin-ɗinkin, yau ko gobe tana iya warwarewa. Akwai raini a cikinta, kar ka yabi aikin mutum da ita. Kuma gaskiya wannan rainin yana min ciwo, don akwai wani dattijo da ke zama a gindin dalbejiya a bakin layinmu da akwatinsa da basilla da zare mai kakin zuma, na kai masa takalmin da ƙasansa ya rabu da samansa kamar bakin kada, ya juya shi ya duba, ya ƙi sa gam kawai ya ce gam ba ya jure damina, ya bi shi da ɗinki zagaye yana huda yana zura zare yana ja har sai ya ji ya kama, shekara biyu kenan ina takawa. Harshe ya ɗauki sunan irin wannan mutum ya mai da shi alamar aikin ganganci. Haka kalmar take kuma haka za ka yi amfani da ita in kana so a fahimce ka, amma ni dai ban yarda da hukuncin da ke cikinta ba.

Gyara ɗinmu kalma ce mai faɗi, da ita muke gyara mota, gyara riga, gyara hali, gyara tsakanin ma'aurata, har gyaran murya da gyaran da mai awo ke ƙara maka. Turanci rarraba ta ya yi. Mend ita ce ta gida, ta hannu, ta abin da ya yage ko ya tsinke, riga, raga, takalmi, shinge, kuma ta fi yawa a bakin 'yan Ingila. Ita mend guntuwar amend ce, duk daga Latin menda, wato aibi ko kuskure, amma da suka rabu sai kowace ta kama gidanta, amend ta tafi wajen rubutu da doka, shi ya sa gyaran kundin tsarin mulki amendment ne, ba za ka ce an yi mending ɗinsa ba, haka kuma ba ka amend ɗin yagaggen wando. Na sha jin ana ce wa tela ya yi amending ɗin riga idan ta yi yawa, a nan an saba, amma a can rage riga ko buɗa ta alter ne. Mend kuma tana shiga jiki da zumunci, on the mend shi ne mara lafiya ya fara samun sauƙi, mend your ways gyara halinka, mend fences ɗinke ɓaraka, make amends kuma ka yi abin da zai wanke laifin da ka yi wa wani. A lokacin yaƙin duniya na biyu da tufafi suka yi wuya har gwamnatin Birtaniya ta yi gangami mai taken Make Do and Mend, wato a lallaɓa da wanda ake da shi a riƙa gyarawa.

Repair ta fi zama ta takarda da ta ma'aikata, injin, gini, gada, abin da za a rubuta a kwangila. Fix ita ce ta yau da kullum musamman a Amurka, amma asalinta kafewa ne, a ɗaure abu ya tsaya, shi ya sa ake fix ɗin rana ko farashi, kuma a yi hattara, idan aka ce an yi fix ɗin wasa ko zaɓe to maguɗi aka shirya, ba gyara ba. Darn ita ce cike hujin safa ko suwaita da zare, a saƙa shi gicciye har ramin ya rufe ba tare da an ɗora wani ƙyalle ba. In kuwa an ɗora ƙyalle to patch ne, mahonmu kenan, kuma wannan kalma tuni ta zama tamu, ita ce faci, har mai facin taya da ke bakin titi da ita muke kiransa.

Da na kai nan ƙanwata ta ce, "To Yaya, ita hanyar dutsen in ta lalace wanne ake mata, mend ko repair ko faci?" Na ce duk ana faɗa, ɗan Ingila zai ce they are mending the road, takardar gwamnati za ta ce road repairs, cike ramin kwalta kuma patching ne, faci dai irin wanda muke gani bayan kowace damina, baƙin tabo a kan tsohuwar kwalta, da an yi ruwa biyu gefensa ya fara ɓarewa. Amma hanyar cobble ko sett ko intalok ba a mata faci, abin da suke cewa shi ne lift and relay, a ɗaga a sake jerawa. Masu gyaran bututun ruwa su zo su ciccire bulon su tara a gefe, su haƙa su gama aikinsu, a mayar da ƙasa a daddanne, a baje yashi, a mai da kowane bulo a bubbuga da gudumar roba. Na ce mata gobe in za ta islamiyya ta tsaya a ƙofar masallacin layinmu ta duba wajen famfon alwala, an taɓa ɗaga wurin sau ɗaya bayan an sa, ta gani ko za ta iya nuna min inda aka taɓa.